Kuɗin binciken lafiya a ƙasar nan, wa ke biya?

Malam Sabi'u: Salamu alaikum jama'a, ina son mu ɗan tattauna wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025 kowa maganar maganin HIV da gidan sauro yake, to amma akwai ɓangaren da ba a cika taɓowa ba, wato bincike. Yawancin binciken lafiya mai nauyi da ake yi a jami'o'inmu da asibitocin koyarwa kuɗinsa daga waje yake zuwa, Amurka, Ingila, Gidauniyar Gates, Bankin Duniya. Mu namu kuɗin albashi ne da gini. Shin wannan abin ya dace da ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu zazzaɓin cizon sauro da yaran da ake haifa da sikila?

Auwal Bukuru: Wa'alaikumus salam Malam. Ni dai gaskiya ina ganin mun tsallake layi, bincike kuma? Je ka asibitin unguwa ka gani ko akwai farasitamol, ko akwai ruwa a famfo, ko akwai nas da daddare, mace na naƙuda ana haska ta da tocilan ɗin waya. A gyara wannan tukun. Bature ya riga ya yi binciken, magani na nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Anti Ladi: Auwal ɗana ba ka yi ƙarya ba a kan asibitin unguwa, na yi aikin jinya har na yi ritaya na san abin da kake faɗa. Amma cewa Bature ya gama bincike, a nan ne ban yarda ba. Ka san zazzaɓin Lassa a garin nan na Jos aka fara gane shi? A 1969 aka ɗauko wata nas 'yar mishan Laura Wine daga garin Lassa na Borno aka kawo ta asibitin Jankwano, ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta Charlotte Shaw ita ma ta rasu, ta ukun Lily Pinneo aka kwashe ta zuwa Amurka ta rayu, can a jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar. A 1970 ciwon ya sake ɓarkewa a Jos har ya kashe likita Jeanette Troup bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. To lissafa daga 1969 zuwa yau, sama da shekara 50, har yanzu babu rigakafin Lassa da aka amince da shi a duniya. Me ya sa? Saboda ba ya kashe mutane a Landan. Mu yake kashewa, duk rani, a Edo da Ondo da Bauchi da Taraba da nan Filato, kuma likitoci da nas-nas na cikin waɗanda yake ɗauka.

Auwal Bukuru: Wallahi Anti ban taɓa sanin a Jankwano abin ya faru ba, kullum ina wucewa ta wurin.

Anti Ladi: Ai shi ya sa. Ko gwajin rigakafin Lassa da aka fara a Abuja a 2024 kuɗin na CEPI ne, ƙungiyar waje. Mun gode musu, amma ranar da hankalinsu ya koma wani wuri fa?

Dakta Nanle: Bari in sa baki tunda a ciki nake. Abin da mutane ba su gani shi ne mai ba da kuɗi shi ke kawo tambayar. Za a buɗe neman tallafi a ce muna son bincike a kan abu kaza, kai kuma abin da ke cika maka wodi daban ne, hawan jini ne, ciwon ƙoda ne a samari, ciwon suga ne da ake yanke ƙafa, amma dole ka karkata ka rubuta abin da suke so don ka samu abin gudanar da lab. Ba mugunta suke ba, kuɗin harajin mutanensu ne, dole su bi abin da ya dame su. Matsalar tamu ce. Tun 1990 wani kwamitin duniya kan binciken lafiya ya ba da shawara kowace ƙasa mai tasowa ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiyarta ga bincike, aka sake nanata shi a taron Bamako a 2008. Sannan ga alkawarin Abuja na 2001, a ƙasarmu aka zauna aka ce kashi 15 na kasafin ƙasa zai tafi lafiya, mu da muka karɓi baƙin yawanci kashi 4 zuwa 6 muke yawo a ciki. To in uwar kasafin ma ba ta kai ba ina ga ɗan abin da za a gutsura wa bincike.

Baba Garba mai kemis: Likita ranka ya daɗe ni tambayata ɗaya, in an ba da kuɗin zai kai lab ɗin? Don mun ga yadda ake yi, a ware kuɗi, a yi taron bita a otal a Abuja, a raba jaka da biro, a sayi Hilux, a buga rahoto mai kyalli a ajiye. Ni ba na adawa da bincike, ina adawa da a ƙara buɗe wata ƙofar ci.

Dakta Nanle: Baba tsoronka a kan hanya yake. Amma akwai yadda ake rage shi, kuma an san shi. Kuɗi a ba da shi ta gasa, masana su duba takardar kowa ba tare da ganin sunansa ba, a saki kuɗin kashi-kashi, ka kawo sakamako a ba ka na gaba, sannan a buga sunan duk wanda ya karɓa da nawa ya karɓa da abin da ya samo kowa ya gani. TETFund na da asusun bincike na ƙasa da ke tafiya kusan haka, daga harajin da ake cira a ribar kamfanoni, kuma ya taimaki malamai da dama. Sai dai shi na manyan makarantun gwamnati ne, kuma duk fannoni ake rabawa, noma da injiniya da tarihi da komai, lafiya yanki ne kawai. Cibiyoyi irin NIMR ta binciken lafiya da ke Yaba a Legas da NIPRD ta binciken magunguna da ke Idu a Abuja su kasafin ma'aikata suke jira.

Hajiya Binta Gangare: Ku yi haƙuri in shigo, tun ɗazu nake karantawa zuciyata na tafasa. Ni uwar masu sikila ce. Duk wanda bai kwana da yaro yana ihu yana cewa Mama ƙashina Mama bayana ba, ba zai gane ba. Lokacin sanyin Jos ɗin nan daga Disamba zuwa Janairu ba na barci, safa biyu, hula, ruwan ɗumi a fulas, ina shafa masa ƙafa ina karanta duk addu'ar da na sani, da asuba mu kama hanyar asibiti a ce a nemo jini. Kuma abin da ya fi min ciwo an taɓa yin magani a ƙasar nan. Na ba babban ɗana Nicosan da hannuna, na ga sauƙi, tashin ciwon ya ragu, sai wata rana kawai aka ce babu, na zaga kemis-kemis har na aika Kano da Kaduna babu. Wani ya min bayani don Allah, ya aka yi maganin da aka yi a Abuja ya ɓace a Najeriya?

Baba Garba mai kemis: Hajiya Allah ya ba su lafiya ya ba ki ladan jinya. Na tuna lokacin sarai, iyaye na zuwa suna tambaya muna cewa a dawo sati mai zuwa.

Malam Sabi'u: Amin. Hajiya labarin nan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗago maganar. Maganin asalinsa haɗin gargajiya ne na wani Rabaran Paul Ogunyale daga Oyo, NIPRD ta ɗauka lokacin Farfesa Charles Wambebe ta yi aiki a kai shekaru, aka gwada shi a kan marasa lafiya, aka sa masa suna Niprisan. Kayan haɗin ba wasu baƙi ba ne, akwai masoro, akwai kanumfari, akwai ganyen dawa, da wani icce. Aka yi masa rajistar mallaka har a Amurka. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafawa, a 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a Sheda kusa da Abuja, ba a jima ba kamfanin ya faɗa matsalar kuɗi ya durƙushe, sarrafawa ta tsaya. Sai wajen 2018 aka sake ba May & Baker lasisi ya dawo da sunan Niclovix. Duba tazarar nan, kusan shekara 10, yara nawa aka binne a ciki? Masananmu sun yi nasu, abin da ya rage shi ne hukuma ta tsaya a bayan abin ta ce ko kamfani ya faɗi maganin ba zai faɗi ba, ta saya da yawa ta raba asibitoci, shi ne ba a yi ba. Kuma ana ƙiyasin yara kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan.

Hajiya Binta Gangare: Innalillahi. Masoro da kanumfari, abin da ke cikin kicin ɗina.

Dakta Nanle: Hajiya don Allah kar kowa ya ji haka ya je ya haɗa a gida, aikin binciken shi ne gano awo da yadda ake tacewa da abin da zai yi wa hanta da ƙoda. Kuma ki tambayi likitan yaran game da hydroxyurea in ba a sa su a kai ba. A asibitin Malam Aminu Kano an yi babban bincike da ya nuna yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, likitocinmu ne suka yi tare da jami'ar Vanderbilt, yawancin kuɗin daga Amurka. Kin ga ko wannan ma.

Auwal Bukuru: To ni yanzu na fara ganewa amma har yanzu ina da ja. Ko an yi binciken in babu masana'anta ai a takarda zai tsaya. Allura ma shigo da ita muke. Ba gara a sa kuɗin a kafa kamfanonin magani ba?

Pam: Auwal ai tare suke tafiya. Kai da kake Bukuru Vom na bayanka, tun 1924 cibiyar binciken dabbobi take wurin kuma har gobe tana yin rigakafin shanu da awaki da kaji. Kakannin Fulanin Filato sun san abin da cutar bushiya ta yi wa garkunan shanunsu, Vom na cikin wuraren da suka yi rigakafin da aka yaƙe ta da shi har aka ayyana an kawar da ita daga duniya a 2011. Masu bincike da masu sarrafawa a harabar guda suke, shi ya sa abin ya ɗore. Na mutane fa? Muna da lab ɗin gwamnatin tarayya a Yaba da ke yin rigakafin agana da shawara da na cizon mahaukacin kare, har maƙwabta ake ba, a 1991 aka rufe wai za a gyara, bai sake yin ko kwalba ɗaya ba. A 2005 aka kafa Biovaccines tsakanin gwamnati da May & Baker don a farfaɗo, har korona ta zo a 2020 muna layi muna jiran ragowar wasu. Saniya a ƙasar nan tana samun rigakafin gida, jariri ba ya samu.

Anti Ladi: Pam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ƙara da maganin sarar maciji. Mutanenmu na Langtang da Shendam da Wase lokacin girbi kububuwa ke gama da su, gobe da nisa, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi ta fitsari. Na ga manomi an kawo shi a kan babur an ɗaure shi da zani a bayan ƙaninsa, ƙafar ta kumbura har cinya, an tsaga wurin da reza an shafa baƙin magani, kwana biyu a gida kafin su taho saboda sun ji ana cewa allurar ta yi tsada kuma ba lallai a samu ba.

Pam: Shi ma ai labarin iri ɗaya ne Anti. EchiTAb, maganin dafin maciji da ake amfani da shi a asibitocin Kaltungo da Zamko, macizan namu ne, a nan aka kama su aka kai Liverpool aka tatsi dafin, ɗaya a Wales ake yinsa da jinin tumaki, ɗaya a Kosta Rika da jinin dawaki, sannan a dawo mana da shi mu biya da kuɗin waje. Amma abin lura, wannan aikin ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sa kuɗinta a ciki, likitocinmu suka yi gwajin a Kaltungo a kan mutum 400 aka buga sakamakon a 2010, aka samu maganin da ya dace da macijinmu, ba irin na Indiya da ake shigowa da shi ba wanda macizansu daban ne. Wato in gwamnati ta sa kuɗi abin yana yi. Mataki na gaba, a yi shi a gida, shi ne aka yi ta alkawari. Dawaki muna da su, tumaki muna da su, Vom ta san aikin jinin dabba.

Baba Garba mai kemis: Zanen aro ba ya rufe katara. Dala ta tashi allura ta tashi, manomi ya sayar da buhun da bai girbe ba.

Maryam 'yar lab: Ni ƙarama ce a cikinku amma bari in faɗi abin da nake gani kullum. Mutane in sun ji kuɗin bincike sai su hango babban gini da na'ura mai tsada, kuma su 'yan siyasa abin da suke so ke nan don ana yanka ribon a ɗauki hoto. Wallahi ba shi ne ciwonmu ba. Inda nake aiki akwai injin da aka sayo da miliyoyi yana nan a lulluɓe da leda saboda babu sinadaran da yake aiki da su kuma babu injiniyan da zai duba shi sai an kira daga Legas. Firizar da ke riƙe samfur a sanyin 80 ƙasa da sifiri ba ta son a ɗauke wuta ko na 'yan awanni, an taɓa ɗauke wuta a ƙarshen mako dizal ya ƙare, ranar Litinin muka buɗe muka tarar jinin da aka bi ƙauye-ƙauye aka roƙi iyaye aka ɗiba a jikin yaransu ya narke duka, mai binciken ta zauna a ƙasa tana kuka, aikin digirinta na uku ne. Kuɗin dizal da sola da sinadari da alawus na ɗalibai, su ne binciken, kuma su ne ba a sakewa a kan lokaci, sai shekara ta kusa ƙarewa a saki wani yanki a ce a kashe kafin a rufe asusu. Ƙwayar cuta ba ta jiran a saki kasafi. Shi ya sa duk wanda ya ƙware sai ya tafi, a ajinmu waɗanda suka fi mu ƙoƙari suna Ingila da Kanada da Saudiyya.

Malam Sabi'u: Maryam Allah ya yi miki albarka, wannan bayanin ya fi duk wanda na yi. Kuma ga hujja a Ede ta jihar Osun, cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID ta Farfesa Christian Happi, da suka samu kuɗi tsayayye daga Bankin Duniya da Amurka su suka tabbatar da Ebola a 2014, kuma a Maris 2020 tare da NIMR da sauransu suka fitar da tsarin ƙwayar korona na farko a duk Afirka cikin 'yan kwanaki. A ƙasar nan ake aikin, wuta ce kawai ba ta ɗaukewa kuma sinadari ba ya yankewa.

Sani Rikkos: Ni fa duk wannan magana ta gwaji tsoro take ba ni. Kun manta abin da ya faru a Kano? Kar a mayar da 'ya'yan talakawa abin gwaji da sunan bincike.

Dakta Nanle: Ba mu manta ba Sani, kuma bai kamata a manta ba. 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara kusan 200 a Kano, rabi aka ba su Trovan rabi aka ba su wani maganin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Kuma wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Amma ka duba, abin ya faru ne lokacin da ba mu da ƙarfin sa ido. Yanzu akwai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, Dokar Lafiya ta 2014 ta ba shi gindin zama, ga NAFDAC, duk asibitin koyarwa na da nasa kwamitin, ba a taɓa mutum sai an masa bayani da harshen da yake ji ya yarda ya sa hannu. Sai dai su ma kwamitocin kuɗi suke buƙata don su je su duba da idonsu. In kana tsoron a cuce mu, to ka fi kowa dalilin neman a ba namu kuɗi, don wanda zai zauna da mu a unguwa ɗaya bayan an gama gwajin ya fi jin kunyar idonmu.

Sani Rikkos: Na ji Likita, amma sai na gani a ƙasa. A sa limamai da fastoci da masu unguwa a cikin kwamitin ba farfesoshi kaɗai ba.

Dakta Nanle: Ƙa'idar ma ta ce a sa wakilan al'umma, aiwatarwar ce sai a hankali.

Auwal Bukuru: To wai gwamnatin yanzu ba ta yi komai ba ne? A yi adalci.

Malam Sabi'u: An yi wasu abubuwa. A 2023 an kafa shirin fadar shugaban ƙasa na bunƙasa sarrafa magani da kayan asibiti a gida, ana son a kai kashi 70 nan da 2030, a 2024 aka sa hannu a umarnin cire haraji kan injuna da kayan haɗa magani, kuma da tallafin Amurka ya tsaya majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025. Farfesa Ali Pate da aka naɗa ministan lafiya a 2023 ya san harkar ciki da waje. Amma yawancin wannan na sarrafawa ne da cike giɓin magani. Abin da nake nema asusu ne na binciken lafiya da doka ta kafa, kamar yadda dokar 2014 ta ware kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga lafiya matakin farko, wanda ba sai minista ya ga dama ba, kuma in an canza gwamnati yana nan. Jihohi ma su sa nasu, Filato ta ɗauki maciji da Lassa, Kano ta ɗauki sikila, Yobe ta ɗauki ciwon ƙodar da ke damun mutanen Gashuwa.

Baba Garba mai kemis: In za a buga sunan wanda ya karɓa da abin da ya yi da shi, na yarda. In ba haka ba ina nan a kan bakana.

Hajiya Binta Gangare: Ni dai ku da kuka iya rubutu ku rubuta takarda mu kai wa ɗan majalisarmu in ya zo gida, zan tara iyayen masu sikila da muke haɗuwa a asibiti mu sa hannu, muna da yawa wallahi. A sa maganar gwajin jinin jarirai tun ranar haihuwa a ciki.

Anti Ladi: Zan kawo na tsofaffin nas-nas. Malam Sabi'u kai da Likita ku tsara, amma da Hausa da Turanci duka, kuma kar ta wuce shafi ɗaya don a karanta.

Maryam 'yar lab: A sa wuta da sinadari a layin farko don Allah, kafin gini.

Dakta Nanle: To. Ina kan kiran dare yau, jibi in sha Allah zan turo abin da na rubuta ku gyara. Pam ka turo min abin da ka sani kan maganar maciji, musamman ta ɓangaren Zamko.